Sankarar Jini Mai Daɗewa: Dalilin Da Ya Sa Likitoci Ke Sa Ido Kan Zuciya

Sankarar jini cuta ce da ke farawa daga cikin ɓargo, inda fararen ƙwayoyin jini kan yi ta hayayyafa ba ƙaƙƙautawa har su danne sauran. Akwai mai saurin kwantar da mutum, akwai kuma mai daɗewa, watau wadda kan yi shekaru tana tafiya sannu a hankali, sau da yawa ba a gane ta sai saifa ta kumbura ko an yi awon jini don wata lalura dabam.

A shekarar 1960 ne masana biyu, Peter Nowell da David Hungerford, suka gano tawayar halitta da ke tattare da ɗaya daga cikin ire-irenta a birnin Filadelfiya na Amurka. A 2001 aka amince da ƙwayar imatinib, wadda ta sa masu cutar da yawa suke rayuwa shekaru masu tsawo suna harkokinsu. A 2003 kuma aka soma ba da ita kyauta a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife. To, da kwana ya yi tsawo, sai hankalin likitoci ya koma kan zuciya.

Ita kanta cutar takan wahalar da zuciya. Ƙarancin jini yakan tilasta mata yin aiki fiye da kima, wani lokaci kuma ruwa ya taru cikin jakar da ta lulluɓe ta, ya matse ta.

Amma galibin matsalar daga magunguna take fitowa, musamman waɗanda suka biyo bayan imatinib. Dasatinib yakan tara ruwa a kewayen huhu, a wasu 'yan kaɗan kuma ya haddasa hawan jini a jijiyoyin huhu. Nilotinib yakan ƙara sukari da maiƙo a jini, ya ƙuntata jijiyoyin ƙafa da na zuciya. Ponatinib kuwa har sai da aka dakatar da sayar da shi na ɗan lokaci a Amurka a 2013 saboda toshewar jijiyoyi. Shi kuma ibrutinib, wanda ake ba masu ɗaya nau'in cutar, yakan jawo hawan jini da rikicewar bugun zuciya, abin da ka iya kai ga shanyewar ɓarin jiki.

Wahalar ganewa ita ce alamun sun yi kama da juna. Gajiya da haki da faɗuwar gaba duk akan ɗora su kan ƙarancin jini, alhali kuwa zuciya ce ke kuka. Saboda haka likita ba ya dogara da bayanin baki kawai. Tun kafin a soma magani akan auna hawan jini da sukari da maiƙo, a kuma ɗauki zanen bugun zuciya a takarda, watau ECG, domin a sami abin kwatantawa nan gaba. In an yi zargin wani abu, sai a yi hoton zuciya na amon sauti, wanda ma'aikatan asibiti ke kira eko. Shi ne ke nuna ƙarfin bugawarta da ruwan da ya kewaye ta. Hoton ƙirji yakan nuna ruwan huhu, sa'an nan awon sinadarin turofonin a jini ya bayyana ko tsokar zuciya ta ji rauni.

Wajibi ne mai wannan cuta ya faɗa wa likitansa in yana da hawan jini ko ciwon sukari, ko yana shan taba, domin da haka ake zaɓar masa maganin da ya dace. In ya ga ƙafa ta kumbura, ko ƙirji na ciwo, ko sha-raɓa na ɗaurewa in ya yi tafiya, ya garzaya asibiti. Kada ya daina shan ƙwayar da kansa, gama cutar na iya dawowa. Likita ne ke da ikon rage ta ko sauya masa wata.