JAGORAN MATAFIYA: DAGA FILIN JIRGIN MOMBASA ZUWA GAƁAR TEKUN DIANI

An shirya wannan ɗan littafi ne saboda jama'a masu tafiya ayari-ayari zuwa gaɓar teku ta ƙasar Kenya, ko ɗalibai da malamansu, ko ma'aikata masu halartar taro, ko iyali da su ka tara kuɗi domin shan iska. Sau da yawa mutane su kan ƙare tunaninsu wajen kuɗin jirgin sama da na masauki, su manta da 'yar tafiyar da ke tsakanin filin jirgi da ƙofar masaukin. Alhali kuwa a nan ne guzurin ayari ya ke tsiyayewa, a nan ne kuma jirgin komawa gida ya kan tashi ya bar mutane bisa hanya. Abin da mu ke so mai karatu ya riƙe shi ne: arahar tafiyar ayari ba a ƙofar filin jirgi a ke nemanta ba, tun daga gida a ke shirya ta.

1. YADDA WURIN YA KE

Tsohon birnin Mombasa tsibiri ne a bakin Tekun Indiya. Babban filin jirgin samansa, wanda a ke kira filin Moi, ba a cikin tsibirin ya ke ba, yana yamma da shi bisa tudu. Diani kuwa, inda farin rairayi da masaukan baƙi su ke, tana kudu da Mombasa da misalin kilomita 30, cikin gundumar Kwale, ƙasar kabilar Digo, waɗanda yawancinsu Musulmi ne. Garin da ke kan babbar hanya kusa da gaɓar shi ne Ukunda. A nan kasuwa da tashar mota su ke.

Kilomita 30 ba wata tafiya ba ce ga wanda ya saba da hanyoyinmu. Amma tsakanin tsibirin da gaɓar kudu akwai wani mashigin ruwa mai zurfi, faɗinsa misalin rabin kilomita, sunansa Likoni. Ta nan manyan jiragen ruwa ke shiga tashar Mombasa, don haka babu gadar mota a kansa, sai jirgin fito. Wannan mashigi shi ne tushen dukan lissafin matafiyi.

Abu biyu kuma ya kamata a sani tun da wuri. Agogon Kenya yana gaba da na Nijeriya da Nijar da awa 2. Sa'an nan motocinsu ta hannun hagu su ke bi, kamar yadda a ke yi a Nijeriya kafin shekarar 1972. Mai tsallaka titi sai ya fara duban damansa.

2. ƘOFOFI UKU

Ayari na iya isa Diani ta ɗayan ƙofofi uku, kowace kuwa da irin kuɗin motar da ke biye da ita.

Ta fari ita ce filin Moi. Nan manyan jirage ke sauka, har da waɗanda ke zuwa ta Adis Ababa da ta Nairobi. Mai kaya da yawa nan ya fi masa, amma akwai sauran tafiyar mota a gabansa.

Ta biyu ita ce ƙaramin filin jirgi na Ukunda, wanda ke 'yan mintoci kaɗan daga masaukan. Jiragen Jambojet, watau kamfanin araha na Kenya Airways da ya fara aiki a 2014, suna zuwa nan daga Nairobi, haka kuma waɗansu ƙananan jirage daga filin Wilson. Tikitin ya kan ɗara tsada, amma kuɗin mota ya kan zama kaɗan ƙwarai. Sai dai a lura, ƙananan jiragen suna ƙayyade nauyin kaya sosai, abin da ya haura kuwa sai an biya.

Ta uku ita ce jirgin ƙasa mai suna Madaraka Express, wanda a ka buɗe a 2017. Yana tashi daga tashar Syokimau, kusa da babban filin jirgin Nairobi, ya yi tafiyar kilomita wajen 470 cikin awa 5 zuwa 6, ya ratsa dajin Tsavo, ya tsaya a Miritini, yamma da Mombasa. A watan Janairu na 2024 an mai da kuɗin ƙaramin aji sule 1,500 na Kenya, babban aji kuma sule 4,500. Ga ayari mai yawa wanda ya sauka a Nairobi, da wuya a sami hanyar da ta fi wannan sauƙi da kwanciyar rai. Amma kowane tikiti da sunan mai shi da lambar fasfonsa a ke yankansa, kujeru kuma su kan ƙare da wuri a lokacin hutu. Jirgin da ke tashi da yamma sai dare ya ke isa, saboda haka lalle mota ta kasance tana jira.

Kada a zaɓi ƙofa bisa kuɗin tikiti kaɗai. A haɗa tikiti, da kuɗin kaya, da kuɗin mota har ƙofar masauki, zuwa da komowa, sa'an nan a kwatanta.

3. FITO KO SABUWAR HANYA

A da, duk mai zuwa Diani daga filin Moi tilas ya shiga tsibirin, ya ratsa cunkoson gari, ya bi layi a Likoni. Mai tafiya da ƙafa ba ya biyan kome a jirgin fito, mota ce ke biya gwargwadon girmanta. Ƙetarewar kanta 'yan mintoci ce, jiran layi ne ke cin lokaci, musamman da sassafe da kuma maraice, sa'ad da dubban ma'aikata ke shiga gari ko komawa gida.

A shekarar 2024 an buɗe sabuwar hanya mai suna Dongo Kundu, wadda a ka gina da rancen ƙasar Japan. Ta taso daga wajen Miritini, ta haye ruwa bisa gadoji, ta haɗu da hanyar kudu ba tare da an shiga tsibirin ba. Ga wanda ya sauka a filin Moi ko tashar Miritini, ita ce hanyar da ta dace. Wanda ke so ya ga tsohon gari da ganuwar Fort Jesus, wadda Turawan Fotugal su ka fara ginawa a 1593, sai ya ware wa wannan rana guda, ya je ba kaya.

In har za ku bi fito, ku kiyaye. A watan Afrilu na 1994 wani jirgin fito da a ka cika fiye da ƙima ya nutse a Mtongwe, kusa da Likoni, fiye da mutum 270 su ka rasu. A watan Satumba na 2019 kuma wata mota ta sulale daga jirgin Likoni ta faɗa ruwa da uwa da 'yarta. Saboda haka kada ku shiga turmutsutsu. In jirgi ya cika ku jira na baya. Ku riƙe hannun yara, ku kula da aljihunku, in kuwa kuna cikin mota direba ya kashe inji ya ja birkin hannu.

4. IRIN MOTOCIN DA ZA KU TARAR

Matatu. Ita ce ƙaramar bas ta haya, yawancinta mai kujera 14. Tun dokokin da Ministan Sufuri John Michuki ya kafa, waɗanda su ka fara aiki a 2004, an wajabta mata ɗamarar kujera, da na'urar hana wuce gudun kilomita 80 a awa, da kuma kada ta ɗauki fiye da yawan kujerunta. Ita ce mafi araha tsakanin Likoni da Ukunda, amma ba ta da wurin akwatuna, kuma sai ta cika ta ke tashi.

Tuk-tuk. Shi ne keke mai ƙafa uku, irin wanda mutanen Kano ke kira A Daidaita Sahu. Mutum 3 ya ke ɗauka. Na gajeren zango ne.

Boda-boda. Shi ne acaɓa, ko kabu-kabu. Bai dace da ayari ba, balle mata da yara ko tafiyar dare.

Tasi. Akwai na filin jirgi, akwai kuma waɗanda a ke kira ta wayar hannu, kamar Uber da Bolt, a cikin Mombasa. Mai kujera 4 ce, amma in da akwatuna mutum 3 ne za su zauna da daɗi.

Motar shata. Watau bas ɗin da a ke ɗauka sukutum, daga filin jirgi har masauki. Masu masauki da kamfanonin yawon buɗe ido su kan shirya ta in an sanar da su tun da wuri.

5. LISSAFIN MADUGU

Kowane ayari ya naɗa madugu guda da ma'aji guda tun kafin a tashi. Madugu shi kaɗai ke magana da direbobi, ma'aji shi ke riƙe kuɗin mota da littafin lissafi. Inda kowa ke ciniki da bakinsa, farashi hawa ya ke yi.

Ga misali. A ce ku 12 ne, kowa da akwatinsa. In tasi za ku shiga, sai kun ɗauki 4. Mota 4 kuwa jinga 4 ke nan, direba 4, kuma in ɗaya ta ɓata hanya sauran sun tsaya jira. In matatu za ku bi ta Likoni, sai kun nemi abin da zai fitar da ku daga filin jirgi, ku shiga gari, ku sauka, ku ɗauki kayanku a ka ku haye fito, ku nemi wata matatu zuwa Ukunda, sa'an nan ku nemi tuk-tuk zuwa masauki. Sauyi huɗu ko biyar ke nan, kowane da ladan ɗan dako da haɗarin ɓatan kaya. Araha ba ta ado.

Abin da ya fi shi ne shata guda. Ku raba kuɗinta bisa yawanku, ku kwatanta da jimlar kuɗin tasi. Muddin kun kai mutum 6 ko 7, galibi shata ce za ta yi rinjaye. Amma ku tuna akwati ma kujera ya ke ci. Mota mai kujera 14 ba za ta ɗauki mutum 12 da akwati 12 ba sai in tana da marfin kaya a sama. In babu, ku nemi babba.

6. YADDA A KE JINGA

Kafin ku bar gida ku nemi farashi daga wuri uku, ɗaya daga ciki ya zama masaukinku. Ku sa a rubuto muku waɗannan abubuwa:

(a) Jimlar kuɗi da sulen Kenya, kuma a bayyana na mota ne gaba ɗaya, ba na kowane mutum ba.

(b) Hanyar da za a bi. In fito ne, wa zai biya kuɗinsa.

(c) Awa nawa direba zai jira in jirgi ya makara, da kuɗin jiran in akwai.

(d) Lambar mota, da sunan direba, da lambar wayarsa.

(e) Kuɗin komawa. Jingar zuwa da komowa tare ta fi sauƙi.

Kada ku biya duka kafin a kai ku. Ku ba da kafin alƙalami, ku cika sauran a ƙofar masauki. Mutanen Kenya sun saba biya ta M-Pesa, watau aika kuɗi ta wayar hannu, wanda a ka fara a 2007. Yana da kyau ma'aji ya yanki layin waya na can da fasfonsa, ya kuma canja 'yan kuɗi kaɗan a filin jirgi, ya nemi ƙananan takardu saboda tuk-tuk.

Harshen gaɓar Swahili ne, kuma Bahaushe zai ji ƙidayarsu ba baƙuwa ba ce, gama da mu da su duk mun aro daga Larabci. Ishirini ashirin ne, thelathini talatin, arobaini arba'in, hamsini hamsin, sitini sittin. Mia ɗari ne, elfu kuwa dubu.

Sai dai ga wani tarko. A Swahili ba daga tsakar dare a ke fara ƙidayar awoyi ba, daga wayewar gari ne. Abin da su ke kira saa moja, watau awa ta ɗaya, shi ne ƙarfe 7 na safe a wurinmu. Saa sita, awa ta shida, shi ne 12 na rana. Tsakanin lissafinsu da namu akwai awa 6 cur. In ka ce wa direba ya zo ƙarfe 4, mai yiwuwa ya fahimci ƙarfe 10. Don haka a rubuta lokaci da lambobi, a nuna bisa agogo, a ƙara da cewa safe ne ko dare.

7. ZIRGA-ZIRGA A DIANI

Masaukan suna jere ne bisa hanya guda da ta bi gaɓar teku, tsawonta ya haura kilomita 10. Wanda ya kama masauki mai araha can ƙarshen hanya, abin da ya rage a kuɗin ɗaki zai iya ƙarewa a kuɗin tuk-tuk. Ku duba nisan masauki da mararrabar Ukunda kafin ku kama.

Da rana matatu da tuk-tuk sun isa zuwa kasuwa ko masallaci, har da tsohon masallacin Kongo da ke arewacin gaɓar. A yi ciniki kafin a hau, a kuma tabbatar ko kuɗin na mutum ɗaya ne ko na keken duka. In kun sami direba mai gaskiya ku riƙe lambarsa. Tafiya mai nisa kuwa, kamar dajin Shimba Hills, ko Shimoni inda a ke shiga kwalekwale zuwa tsibirin Wasini, sai a yi shatar yini guda, a fita da sassafe a komo kafin duhu. Kowa ya sa rigar ruwa a kwalekwale.

Lokaci ma yana da nasa farashi. Watan Disamba zuwa farkon Janairu baƙi sun fi yawa, kome ya kan yi tsada. Daga Afrilu zuwa Yuni damina ce babba, farashi ya kan sauka, amma ƙananan hanyoyi su kan ɓaci.

8. RANAR KOMAWA

Wannan ita ce ranar da ta fi hatsari ga aljihu, gama tikitin mutum 12 da jirgi ya bari ya ninka duk abin da a ka tsimi a mota sau da yawa. Madugu ya kira direba tun jajibiri. A ɗaure kaya da dare, a tara fasfo da katin allurar shawara wuri guda. A lissafta lokacin da a ke bukatar ku a filin jirgi, a cire tsawon tafiya, sa'an nan a ƙara awa guda saboda abin da ba a zata ba. In ta fito za a bi, a ƙara biyu. A ƙirga mutane da akwatuna wajen hawa, a sake ƙirgawa wajen sauka.

Zaman awa guda a filin jirgi bai taɓa talauta kowa ba. Rigakafi ya fi magani. Wanda ya karanta wannan takarda ya karanta wa abokan tafiyarsa. Allah ya kai ku lafiya, ya komo da ku lafiya, amin.