Lasisin Windows na OEM ko na Retail: Wanne Ya Dace da Kwamfutar da Ka Haɗa da Kanka?

Wanda ya zauna ya haɗa kwamfutar tebur da hannunsa, ya zaɓi masarrafa, ya zaɓi katin sarrafa hoto, ya yi cinikin RAM da SSD, yawanci lasisin Windows ne abu na ƙarshe da yake tunawa, lokacin da aljihu ya riga ya yi sauƙi. Sai ya tarar da iri biyu a kasuwa: ɗaya an rubuta OEM, ɗayan kuma Retail, na farkon ya fi araha. Babbar manhajar da ke cikinsu ɗaya ce. Sauri ɗaya, sabuntawa ɗaya, babu wani abu da aka rage wa mai arahar. Bambancin yana cikin haƙƙin da ka saya, kuma ba ya fitowa fili sai ranar da madabod ɗinka ya mutu ko ka so canza shi.

Madabod shi ne babban allon nan da ake dasa sauran sassan kwamfuta a kansa. A wurin Microsoft, shi ne kwamfutar. Ka canza SSD, ka ƙara RAM, ka cire katin hoto ka sa wani, duk Windows ba za ta ce uffan ba. Amma da zarar ka sa sabon madabod, to a lissafinsu ka sayi sabuwar kwamfuta ke nan, ko da akwatin da fankar da wayoyin duk na da ne.

Lasisin OEM an yi shi ne don masu ƙera kwamfuta su sayar. Irinsa ne ke zuwa a cikin kwamfutocin HP da Dell da Lenovo. A zamanin Windows 7, lambobin nan 25 na lasisi suna kan wata 'yar takarda da aka manna a jikin na'urar. Daga Windows 8 a shekarar 2012 manyan kamfanoni suka koma adana su a cikin madabod ɗin kansa, shi ya sa idan ka sake loda Windows a irin waɗannan kwamfutoci ba ta tambayarka lamba. Akwai kuma nau'in da ake sayar wa ƙananan masu haɗa kwamfuta, mai suna System Builder, kuma shi ne wanda mai karatu zai ci karo da shi a shago. Sharaɗinsa a fili yake: kwamfutar farko da aka kunna shi a kanta, a nan zai rayu, a nan zai mutu. Za ka iya sayar da kwamfutar tare da lasisinta, amma ba za ka ciro shi ka kai wata ba. Sassaucin da aka sani shi ne idan madabod ya lalace aka maye gurbinsa da irinsa sak a ƙarƙashin garanti.

Akwai wani abu da masu sayarwa ba su cika faɗa ba. A rubuce, System Builder na wanda zai haɗa kwamfuta ya sayar wa wani ne, ba na mai haɗa wa kansa ba. A Windows 8 Microsoft ya buɗe ƙofa, ya ba da izinin amfanin kai, sannan ya rufe ta a Windows 8.1 a 2013. A aikace dai lambar za ta yi aiki, babu mai tambayarka wa ka haɗa wa. Sai dai taimakon fasaha na wannan lasisi yana wuyan wanda ya haɗa na'urar ne. Idan kai ka haɗa, to kai ne maƙerin, kai ne kuma ofishin karɓar koke.

Shi kuwa Retail naka ne, ba na kwamfutar ba. Kana iya cire shi daga tsohuwa ka kai sabuwa, muddin kwamfuta ɗaya ce ke amfani da shi a lokaci guda. A shagon Microsoft na Amurka, Windows 11 Home dala 139 ce, Pro kuma dala 199. Na OEM na gaskiya yakan zo ƙasa da haka, amma ragin bai kai rabin kuɗin ba, ko kusa. Tun sabuntawar Windows 10 ta Agustan 2016, ana iya ɗaure lasisi da asusun Microsoft. Idan ka yi haka kafin ka taɓa komai, bayan canza madabod sai ka shiga Settings, ka je Activation, ka danna Troubleshoot, ka zaɓi cewa ka canza kayan na'urar kwanan nan. Wasu masu OEM sukan gwada wannan hanya su dace, amma sa'a ce, ba haƙƙi ba. Ba zan gina lissafin kuɗina a kan sa'a ba.

To wa ke canza madabod? Kusan duk mai haɗa kwamfuta, ko ba jima ko ba daɗe. Masu AMD sun more, domin gurbin masarrafa na AM4 da ya fito a 2016 ya ɗauki Ryzen daga jerin 1000 har zuwa 5000, mutum ya yi ta canza masarrafa a allo ɗaya, lasisinsa na OEM yana nan daram. Amma AM5 da ya zo a 2022 ya tilasta sabon madabod da RAM nau'in DDR5. Intel ma ya bar LGA1700 ya koma LGA1851 a 2024. Ga kuma Windows 11, wadda ta fito ranar 5 ga Oktoba 2021 tana neman TPM 2.0 da masarrafar Intel daga zubi na 8 zuwa sama, ko Ryzen 2000 zuwa sama. Da Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, masu tsofaffin alluna suka ga bambancin ƙiri-ƙiri: mai Retail ya ɗauki lasisinsa ya tafi sabuwar na'ura, mai OEM ya koma kasuwa. Mu da wutar lantarkinmu ke hawa da sauka, janareta kuma na nasa, ba ma sai mun yi niyyar canji ba. Wuta ɗaya mai ƙarfi ta isa ta ƙona allo ta tafi da lasisin.

Sai batun lambobin da ake tallatawa a intanet kan kuɗin da bai kai na cin abincin rana ba, wai OEM ne. Da yawansu ba OEM ba ne ma. Lasisin tari ne da aka sayar wa ma'aikatu da makarantu, wani ya fitar yana rabawa. Nau'in KMS yana buƙatar ya tuntuɓi uwar garken ma'aikatar cikin kowane kwana 180, nau'in MAK kuma yana da iyakar adadin kunnawa, kuma ana iya toshe shi. Haka nan kada wani ya sayar maka da lambar Windows 7 ko 8 da sunan za ta kunna Windows 11. An rufe wannan hanya tun Satumban 2023.

Gane irin wanda kake da shi ba wuya. Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta slmgr /dli, ka danna Enter. Idan ka ga RETAIL, to na ɗauka ne. OEM_DM ko OEM_COA na nufin yana ɗaure da allon. Idan kuwa ka ga VOLUME a kwamfutar gida, ka koma wurin wanda ya loda maka ka tambaye shi. Hattara ɗaya: idan kyauta ka hau Windows 10 daga Windows 7 ta OEM, haƙƙinka na OEM ne har yanzu, ko me allon ya nuna.

Idan kana haɗa wa kwastoma ne, ko kwamfutar ofis da za ta zauna yadda take har ta tsufa, OEM ya wadatar, don haka aka yi shi. Idan kuwa taka ce, kuma ka san hannunka ba ya barin sukurdireba, sayi Retail, ka ɗaure shi da asusunka tun ranar farko, ka ajiye rasit da lambobin a wani wuri da ba cikin kwamfutar ba.