Me ya sa ake biyan diyya idan hukuma ta kashe doki ko jaki saboda cuta?

Akwai cututtukan dawaki da jakai da likitocin dabbobi ba sa yi wa magani, sai dai a kashe dabbar a binne. Babbar cikinsu ita ce wadda ake kira morve da Faransanci: cuta ce mai kawo majina mai kauri, gyambo a cikin hanci da ƙuraje a jiki. Ba ta da allurar rigakafi, tana yaɗuwa ta wurin shan ruwa da cin abinci tare, kuma tana kama mutum. Jaki da alfadari takan kashe su da sauri. Doki kuwa yana iya ɗauke da ita shekaru ba a gane ba, yana ta harbin sauran.

Nan ne maganar diyya ta shigo. Idan gwajin jini ya nuna doki na ɗauke da cutar, hukuma za ta ce a kashe shi, alhali mai shi yana ganin dabbarsa tana ci tana aiki. Hasarar tasa ce shi kaɗai, amfanin kuwa na duk masu dabbobin yankin ne. Saboda haka diyyar ba taimakon jinƙai ba ce. Kuɗi ne da ake biya don mutum ya yarda ya kai rahoto.

Ta wannan hanya, wato gwaji, kisa da biyan diyya, Birtaniya ta rabu da cutar a 1928. A Indiya kuwa ta sake ɓulla a 2006, musamman cikin dabbobin da ke dakon bulo. Diyyar da aka tsayar ita ce rupi 25,000 kan doki, 16,000 kan jaki ko alfadari. Matsalar ita ce alfadarin aiki mai ƙarfi ya fi haka tsada a kasuwa, kuma kuɗin ba ya maye abin da iyali ke samu kullum daga dabbar. Mai hankali ya san abin da zai biyo baya: wanda ya ga alamar ciwo zai yi shiru, ko ya sayar da dabbar tun kafin likita ya zo.

Yankinmu ya ɗanɗani irin wannan, ko da yake a kan kaji ne. Da murar tsuntsaye ta ɓulla a Kaduna cikin Fabrairun 2006, kafin ta bayyana a Magaria a wannan watan, gwamnatin Najeriya ta fara da biyan naira 250 kan kowace kazar da aka kashe. Masu kiwo sun koka cewa kuɗin ya yi kaɗan, daga baya aka ƙara. Inda iyaka take kusa, ƙarancin diyya ko jinkirinta ya fi haɗari, domin jakin da ake shakka a kansa yau yana iya kwana a kasuwar wata ƙasa gobe.

Yawan diyya ma da nasa aibin: idan ta zarce farashin kasuwa, wasu za su kawo dabbobi marasa lafiya daga nesa don su karɓa. Shi ya sa ake kimanta darajar dabbar kafin a kashe ta.

Abin da mai dabba ya kamata ya sani shi ne, galibin dokoki suna biyan wadda aka kashe bisa umarnin hukuma ne kawai, ban da wadda ta mutu da kanta. Jakan da murar dawaki ta kashe da yawa a Nijar da maƙwabtanta a 2019 ba su shiga wannan sahu ba, tunda ba cutar da ake kashe dabba dominta ba ce. Idan jami'an kiwo suka yanke hukuncin kisa, a nemi takardar umarnin da ta kimanta kuɗin, a kuma tabbatar an rubuta sunan mai dabbar daidai kafin a rabu.