Kayan Keke Ƙirar Ingila A Idon Mutanen Ingila

Duk wanda ya yi wayo a ƙasar nan tun babur bai cika gari ba ya san darajar keken Raleigh. Malamin makaranta ya kan shekara yana tara kuɗinsa, ranar da ya saya kuwa har maƙwabta su kan shigo taya murna. Har masana'antar harhaɗa shi aka kafa a Kano. A wancan zamani, in an ce mana abu ƙirar Ingila ne, to, magana ta ƙare. Amma su mutanen Ingila, masu abin, yaya su ke ganin kayan da maƙeransu ke yi? Akwai waɗanda har gobe su ke alfahari da su, akwai kuma waɗanda suka juya wa baya tun kamfanonin na da ƙarfinsu.

Ba mai musun cewa Ingila ce mahaifar keken da mu ke hawa yau. A Coventry ne John Kemp Starley ya fito da keke mai ƙafafu biyu kusan daidai da juna, da sarƙa mai juya ta baya, a 1885. Daga nan garuruwan tsakiyar ƙasar, watau Coventry da Birmingham da Nottingham, suka cika da maƙera, wannan na yin feda, wancan na yin birki, wani kuma ƙararrawa. Cikin wannan taro sunaye uku suka yi fice, kuma ko wanne da yadda ta kaya masa.

Na farko shi ne Reynolds na Birmingham, mai yin bututun ƙarfen da a ke haɗa gangar jikin keke da shi. Dabararsa, wadda aka yi wa rajista a 1897, ita ce a bar bakin bututu da kauri inda za a yi masa walda, a sirance tsakiyarsa inda ba a bukatar kaurin. Ta haka keke ya yi sauƙin nauyi, ƙarfinsa kuma bai ragu ba. A 1935 suka fito da ƙarfen da suka sa wa lamba 531, wanda ya yi shekaru fiye da 40 ba a ture shi ba. Mahayin keke a Ingila, kafin ya tambayi kuɗi, sai ya sunkuya ya duba ko an manna 'yar takardar nan mai lamba 531 a ƙarƙashin sirdi. Ba su kaɗai ba ma, har maƙeran Faransa, waɗanda ba su cika yabon kayan Ingilishi ba, da shi su ke aikinsu na ƙwarai.

Na biyu shi ne sirdin Brooks. John Boultbee Brooks badukun kayan doki ne, ya kafa sana'arsa a Birmingham a 1866. Kamfanin ya kan ba da labari cewa dokinsa ne ya mutu, ya ari keke, sirdin ya gallaza masa azaba, ya sha alwashin yin wanda ya fi shi. A 1882 ya yi wa nasa rajista. Fatar sa ce mai kauri, a ke ɗaure ta a kan ƙarfe. Tana sabuwa ƙarau ta ke kamar katako, sai mutum ya yi ɗaruruwan mil a kanta kana ta yi laushi ta ɗauki siffar jikinsa. Ba ta son ruwa, a ƙasar da ruwan sama ba ya yankewa, tana bukatar mai, akwai kuma noti a ƙarƙashin hancinta da a ke ɗaurewa in ta saki. A nan ne Ingilishi suka rabu biyu. Masu tsere sun bar ta tun wajen 1960, lokacin da Italiya ta kawo sirdin roba mara nauyi. Masu doguwar tafiya kuwa ba su yarda ba. A cikinsu akwai wanda zai sayar da keke ya kwance sirdin ya ɗaura wa sabo, don a ganinsa da tsohuwar zuma a ke magani.

Na uku, wanda labarinsa ya fi tsawo, shi ne giyar Sturmey-Archer ta Nottingham, wadda ta fara a 1902 a ƙarƙashin Raleigh. Giya uku ce a ɓoye cikin cibiyar ƙafar baya: ta ɗaya ta rage kashi ɗaya cikin huɗu don hawan tudu, ta biyu daidai, ta uku ta ƙara sulusi don sarari. Da ya ke a rufe ta ke, taɓo da ƙura ba su kai mata. Ɗan mai kaɗan a ɗiga ta ƙaramar kafa, shi ke nan. Samfurin AW, wanda ya fito a 1936, an yi ta ƙera shi har ƙarshen ƙarnin, kuma ko wanne an buga masa wata da shekara a jiki, har ma da shi a ke gane shekarun tsohon keke. Amma fa yana da aibi, kuma duk Ingila an san shi: in wayar giya ta ɗan saki, akwai wani gurbi tsakanin ta biyu da ta uku inda feda ke juyawa a banza. Mutum na tsaye a kan feda yana hawan tudu, sai ya ji ƙafa ta zube. A 1956 kamfanin ya kawo samfurin SW don ya maye gurbinsa, ya zamana shi ma yana zamewa, ba a daɗe ba aka janye shi aka koma wa na da.

To, me ya sa masu tseren Ingila suka guji kayan gida? Mu a ganinmu asalin abin yana cikin wata doka. Tun 1890 ƙungiyar mahaya keke ta ƙasar ta hana tsere a kan hanya, don gudun kada hukuma ta hana keke hanya baki ɗaya. Abin da ya rage shi ne mutum ya fita shi kaɗai da asuba, cikin baƙaƙen kaya, a auna masa lokaci a kan mil 25 ko 50, galibi a shimfiɗaɗɗiyar hanya. Mai irin wannan gudu giya ɗaya ta ishe shi. A Faransa da Italiya kuwa ɗaruruwan mutane ke tashi tare su haye duwatsu, saboda haka maƙeransu suka duƙufa a kan giyar waje, wadda ke ɗauke sarƙa daga wannan haƙori zuwa wancan. Da Percy Stallard ya karya dokar a 1942, ya shirya tsere daga Llangollen zuwa Wolverhampton, samarin da suka bi shi sun riga sun kafa ido a kan Turai. Bayan yaƙi Campagnolo na Italiya ya fito da giyarsa Gran Sport, ta zama burin ko wane yaro mai tsere. Kamfanonin gida irin su Cyclo da Williams da Chater-Lea suna nan suna aiki, wasu kayansu ma ba su da makusa wajen ƙarko, amma an riga an ɗauke su kayan dattawa.

Ga misali ɗaya da ya isa. A 1980 ƙungiyar Raleigh ta ci babban tseren zagaye Faransa. Mahayin, Joop Zoetemelk, mutumin Holan ne. Gangar jikin keken a Ingila aka haɗa ta da bututun Reynolds 753. Giya da birki kuwa na Campagnolo ne. Watau ko Raleigh, uban gidan Sturmey-Archer, da ta zo ga tsere bai ɗauki na gida ba.

Daga baya Shimano na Japan ya zo da kaya masu kyau da araha, ya kwashe kasuwar talaka da ta mai kuɗi. A 2000 Sturmey-Archer ya durƙushe, kamfanin SunRace ya saye ya mai da aikin Taiwan. Abin da ya fi yi wa tsofaffin mahaya ciwo shi ne da yawansu sun yarda cewa giyar Taiwan ta fi wadda Nottingham ke fitarwa a shekarunta na ƙarshe, lokacin da injuna suka tsufa ba a sabunta ba. A 2002 Raleigh ya daina harhaɗa keke a Nottingham, a 2012 kuma wani kamfanin Holan ya saye shi. Brooks ya tsira, amma a 2002 ya koma hannun Selle Royal na Italiya, watau ƙasar da ta kashe masa kasuwa. Su ne suka farfaɗo da shi, suka kuma bar aikin fata a Smethwick, kusa da Birmingham.

Kada mai karatu ya zaci an rufe littafin. A 1989 wasu mutum biyu da suka koyi aiki a Rolls-Royce, Ian Weatherill da Simon Sharp, suka kafa Hope, wanda ke garin Barnoldswick a Lancashire. Birkin faifai su ke yi da cibiyar ƙafa, suna sassaƙa su daga dunƙulen alminiyum a nan cikin garin. Kayansu da tsada, cibiyarsu kuma da ƙara in an saki feda, har wasu na ƙorafi. Amma abin da mahaya ke yaba musu shi ne in abu ya shekara goma ya lalace, ana samun ɗan boris ko robar da ta ci a sauya, ba sai an jefar da shi duka ba. Su ne kuma, tare da Lotus, suka ƙera keken da Jason Kenny ya ci lambar zinariya a kansa a wasannin Olamfik na Tokyo a 2021.

Reynolds ma yana nan a Birmingham. Masu haɗa keke da hannu, ɗaya bayan ɗaya, har yanzu daga wurinsa su ke sayen bututu, su ɗaura sirdin Smethwick a sama. Giyar kuwa, in ka duba, galibi ta Japan ce.