Amsoshin Tambayoyinku: Ƙara Ɗakuna a Masaukin Baƙi Cikin Birnin Zariya

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi daga Giwa, ya rubuto cewa sun gaji gida kusa da Ƙofar Doka, inda fatake da ɗalibai ke sauka. Yana so ya gyara shi, ya ƙara ɗakuna, ya ɗora bene. Tambayarsa: sai ya nemi izini alhali gidan gado ne?

To Malam, amsar ita ce e. Yaɓe da shafa farar ƙasa ba su da magana. Amma da zarar za a ƙara ɗaki ko a ɗora bene, dokar tsara birane ta ce sai hukuma ta amince. A Jihar Kaduna, KASUPDA ce ke ba da wannan izini.

Da farko dai, ku magada ku daidaita a rubuce, da shaidar mai unguwa. Sannan a nemi takardar mallakar fili a KADGIS, domin tun dokar filaye ta 1978 filayen birni suna hannun gwamna ne bisa amana. Bayan haka mai zanen gine-gine ya zana gidan, injiniya ya sa hannu, a kai zanen a biya kuɗi, a karɓi rasit. Ma'aikata za su zo su duba wurin.

Me za su duba? Kada ginin ya ci lungu ko ya toshe magudanar ruwa. Masai ya yi nisa da rijiya, ya kuma wadaci yawan baƙi. Katangar laka da aka yi don azara ba ta ɗaukar dakin siminti, sai an sake harsashi, in ba haka ba damina ɗaya na iya kifar da ita kan mutane. Ganuwa kuma kayan tarihi ce, ba a ɗibar ƙasarta ko a yi gini a kanta.

Akwai kuma haƙƙin maƙwabci. Cikin birni, tagar bene da ke leƙa tsakar gidan wani rigima ce, don haka a juya ta wajen hanya.

Wanda ya yi gini ba izini, ana iya shafa masa jan fenti, a tsayar da aikin, har a rushe. Kuɗin amfanin gona na shekaru ke nan ya bi ruwa. Saboda haka kada ka sayi bulo ko ɗaya sai takarda ta fito.

Allah ya ba da sa'a. A ci gaba da aiko mana da wasiƙu.