Nutso da Abokin Nutso: Abin da Ake Tsallakewa a Maganar Ceto a Gulaben Kabi

Duk shekarar da damina ta yi nisa, gulabe suka cika suka tumbatsa, labarin kifewar kwale-kwale yakan dawo gidajen rediyo da jaridu tare da jimlar da kunne ya riga ya saba da ita, cewa masu nutso na gari suna ci gaba da laluben waɗanda suka ɓace. Haka aka ji bayan hatsarin ranar 26 ga Mayu 2021, sa'ad da jirgin da ya taso daga Jihar Neja zuwa Wara, a Ƙaramar Hukumar Ngaski ta Jihar Kebbi, ya nutse a Kogin Kwara ɗauke da mutane fiye da 150, kuma ba a daina jin irinta ba har yau. Abin da ke biyo baya shi ne kiraye-kirayen a sayo kayan nutso na zamani, sai ka ce ranar da aka sauke tukwanen iska a Birnin Kebbi an gama da matsalar. Wannan fahimta ta taƙaita, domin a wajen ma'abota sana'ar, tukunyar iska tana zuwa ne bayan abokin nutso, wato mutumin da aka ƙulla yarjejeniya da shi tun a tudu cewa tare za a shiga, tare za a fito.

Nutso da tukunyar iska, wanda duniya ta sani da sikuba, ya samo siffarsa ta yanzu a shekarar 1943, lokacin da Faransawa biyu, Jacques Cousteau da Émile Gagnan, suka ƙera na'urar da ke sako wa mutum iska daga tukunya daidai da matsin ruwan da ke kewaye da shi. Matsin nan yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar sarari a duk zurfin mita 10, saboda haka iska tana saurin ƙarewa a ƙasa, naitirojin yana taruwa a jini, kuma wanda ya taso a gaggauce yana iya fasa huhunsa ko ya shanye. Dalilin ke nan da aka kayyade wa sabon shiga mita 18, aka kuma koya masa ya dakata minti 3 a zurfin mita 5 kafin ya ɓullo.

Abokin nutso yana fara aikinsa tun ƙafa ba ta jiƙe ba. Kowanne yakan duba kayan ɗan'uwansa, ya tabbatar an buɗe bakin tukunya, rigar da ake hura wa iska tana aiki, darmar da ke janyo mutum ƙasa tana kwancuwa da hannu ɗaya, sannan ya gane inda bututun shaƙa na biyu yake rataye, domin wannan bututu ba don mai shi aka yi shi ba, don abokin da iskarsa ta yanke aka tanade shi. A ƙarƙashin ruwa babu magana sai ishara da hannu, kuma dole a daidaita ta tun a sama. Ana cika tukunya zuwa ma'aunin matsi 200, a fito da saura 50, kuma wanda iskarsa ta fi saurin tafiya shi ke yanke lokacin juyawa. Idan aka rabu, ƙa'idar ita ce a nemi juna minti ɗaya kacal, sannan kowa ya taso a hankali a haɗu a sama.

Wannan ne ya sa sabon mai koyo da ya yi tafiya shi kaɗai yake cikin wani hali na musamman, kuma irinsa ya fara samuwa cikin Hausawa, daga ɗaliban da ke karatu a Masar zuwa matafiyan da ke yada zango a Jidda ko Zanzibar. Irin wannan baƙo ba ya neman aboki a bakin teku. Hanyar da aka sani ita ce ya je cibiyar da ke da rajista da ɗaya daga ƙungiyoyin horarwa, irin PADI da aka kafa a Amurka a 1966, ya nuna katin shaidarsa da littafin da yake rubuta nutson da ya yi, ya faɗi gaskiyar ƙarancin ƙwarewarsa ba tare da jin kunya ba. Cibiyar takan haɗa shi da wani baƙo a cikin jirgi, kuma a nan ne haɗarin yake, domin wanda aka haɗu da shi da safe ba a san halinsa ba. Wajibi ne a tambaye shi yaushe rabonsa da ruwa, zurfin da ya saba, da abin da ya kawo shi, don mai ɗaukar hoto yakan bi kifi ya manta da mutum, mai son burgewa kuma yakan ja sabon shiga zurfin da bai kai ba. Idan zuciya ba ta kwanta ba, ya fi alheri a biya kuɗin jagora a bi shi kafaɗa da kafaɗa, ko a haƙura da nutson ranar. Matafiyi shi kaɗai yana kuma da buƙatar tabbatar da cewa ana kiran suna kafin jirgi ya tashi, tun da a 1998 an taɓa barin wasu ma'aurata Amurkawa a tsakiyar teku a Ostareliya saboda kuskuren ƙirga, ba a farga ba sai bayan kwana biyu. Kuma wanda ya yi nutso sau da yawa ba ya hawa jirgin sama sai ya ba da tazarar aƙalla awa 18.

To amma babu ƙasar da ya kamata a ce wannan darasi baƙo ne a cikinta kamar Kabi. Daular da Muhammadu Kanta ya kafa a ƙarni na 16, da hedikwatarta a Surame, ta ginu ne a kan fadamun Gulbin Kabi, kuma Kabawa da Sarkawa sun gaji ruwa kamar yadda wasu suka gaji ƙira ko jima. Jega kanta, wadda Malam Buhari ɗan Abdussalami na Gimbana ya kafa bayan jihadi, ba ta zama kasuwar da fatake ke yi wa tsinke ba sai don tana zaune a gefen Gulbin Zamfara, wanda a wannan yanki ake kira Gulbin Gindi, kafin ya gangara ya haɗu da na Kabi. Mashaya, mafita da masu fito suna cikin tsarin tattalin arzikin garin tun kafin a san gada. A Argungu, bikin kamun kifi da ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu a 1934, wadda ta tabbatar da sulhu bayan doguwar gaba tsakanin Kabawa da Sakkwato, ya adana wani tsari da masu kallo ba su cika lura da shi ba: babu mai taka Matan Fada sai an ba da izini, akwai Sarkin Ruwa mai alhakin lafiyar gulbi da ta masu shigarsa, kuma gorar da masunci ke kwanciya a kanta ma'ajiyar kifi ce, abin yawo a kan ruwa ce kuma. Wasannin kabanci, da suka haɗa da tseren kwale-kwale, kamun agwagwar ruwa da kamun kifi da hannu, makaranta ce a fili. Hukumar UNESCO ta sanya bikin cikin gadon al'adun duniya a 2016, amma abin takaici shi ne an ɗauki wannan ilimi kayan kallo na 'yan kwanaki, ba a taɓa kallonsa a matsayin tushen rundunar ceto ba. Ƙananan hukumomin Jega, Aliero da Maiyama suna ƙasar Gwandu ne, ba Argungu ba, sai dai ruwa bai san iyakar masarauta ba, kamar yadda ambaliyar 2020 ta nuna sa'ad da ta shanye gonakin shinkafa a faɗin jihar.

Mutanen da labarai ke kira masu nutso na gari da numfashinsu kaɗai suke shiga, kuma haɗarinsu daban yake da na mai tukunya. Wanda ya yi ta jan numfashi da sauri kafin ya nutsa yana kashe ƙararrawar da jiki ke bugawa idan iska ta yi ƙasa, sai ya suma ba gargaɗi, galibi a daidai lokacin tasowa ko jim kaɗan bayan ya fito da kai. Maganin da masana suka tsayar shi ne ɗaya a ƙasa, ɗaya a sama yana kallo, ba a nutsa tare. A gulbin damina kuwa, inda laka ke hana mutum ganin tafin hannunsa, ga tsofaffin komaye da rassan itatuwa a ƙasa, ido ba ya amfani, sai igiya a ƙugu da mai riƙe da ita wanda ya san ma'anar kowace fizga. Manoman albasa na Aliero da masu yasar rijiya a ƙauyukan Maiyama sun san wannan a aikace, domin rijiya mai gurɓatacciyar iska takan ci wanda ya shiga, ta ƙara da wanda ya bi shi ceto ba igiya.

Akwai kuma gaskiya mai ɗaci da jami'ai ba sa son furtawa. Ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6 idan numfashi ya tsaya, don haka tawagar da za ta taso daga babban birnin jiha, ko daga Lakwaja inda hedikwatar hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa take, gawa za ta tarar. Akan kafa hujja da Harrison Okene, mai dafa abincin jirgin da ya kife a gaɓar tekun Nijeriya a Mayun 2013, wanda aka tarar da rai bayan kimanin awa 60 a zurfin mita 30, amma shi wata 'yar kusurwa mai iska ce ta riƙe shi, kuma wanda ya kai gare shi yana haɗe da abokan aikinsa na sama ta waya da igiyar iska, sannan aka tsare shi kwanaki a ɗakin rage matsi kafin ya ga rana. Kwale-kwalen katako ba shi da irin wannan kusurwa. Wanda zai ceci rai a mafitar ƙauye shi ne wanda ke tsaye a mafitar, kuma rigar ruwa a jikin fasinja ta fi tukunyar iska goma a ma'ajiyar gwamnati.

Saboda haka babu uzuri ga ƙananan hukumomin nan uku su ci gaba da jiran Abuja. Sarakunan ruwa sun san gwanayen kowace mafita da sunayensu. Abin da ya rage a yi musu rajista biyu-biyu, a ba su igiya, wuƙar yanke koma da rigar ruwa, a koya musu farfaɗo da wanda ya sha ruwa ta hanyar hura baki da danna ƙirji, a kuma yanka musu alawus, tun da yanzu ana tashinsu da tsakar dare a sallame su da godiya. Jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha da ke Aliero, wadda aka kafa a 2006, tana kusa da gulbin, kuma auna zurfin mafitun Jega da ƙarfin gudun ruwansu a watannin Agusta da Satumba aiki ne da ɗalibanta za su iya kammalawa cikin damina ɗaya. Idan kuma an kai ga sayen tukwanen iska, a sayo su tare da injin cika su, a tura mutane horo ninki biyu na adadin da ake so a gani a cikin ruwa, domin duk wanda ya nutsa yana buƙatar wani a bakin igiyarsa.