Jiya Laifi, Yau Al'ada: Abubuwan Ban Mamaki a Taƙaice

Gahawa. Duk wanda ya taɓa sauke farali ya san da wuya ka shiga gidan Balarabe ba a tare ka da gahawa da dabino ba. To a cikin garin Makka ɗin nan aka haramta shanta a 1511. Wani jami'in daular Mamluk, Khair Beg, shi ya tara malamai da likitoci aka yanke hukuncin, don taron dare da ake yi a kanta bai kwanta masa a rai ba. Hukumar daular a Alƙahira ba ta mara masa baya ba, dokar ta bi ruwa. Sarki Charles na Biyu na Ingila ma ya gwada sa'arsa a ƙarshen 1675, ya ce a rufe shagunan gahawa saboda a can ake cin naman gwamnati. Ko mako biyu ba a yi ba ya janye. Yau Saudiyya alfahari take da ita, har ta sa wa 2022 suna shekarar gahawar Saudiyya.

Taba kuwa baya ta ci. A 1946 da hotunan likitoci ake tallar sigarin Camel a Amurka. Sai a 1964 babban likitan gwamnatin ƙasar ya fitar da rahoton da ya danganta ta da sankarar huhu, kuma sai a 2000 aka gama hana busa ta a jiragen saman fasinja na ƙasar. A nan gida, kakanninmu mata da furen taba da goro suke rina haƙora su yi jajir, kuma wannan shi ne ƙarshen ado. Budurwar yau farin haƙori take nema ruwa a jallo.

Kare mutunci da bindiga. A watan Yulin 1804 mataimakin shugaban Amurka mai ci, Aaron Burr, ya harbe tsohon sakataren baitulmali Alexander Hamilton. Ba kwanton ɓauna ba ne. Rana suka sa da wuri, kowa da shaidunsa, saboda maganar ɓatanci. Hamilton ya mutu washegari, Burr ya ƙarasa wa'adinsa a kan kujera.

Bauta. A nan ne alƙalami yake yi mini nauyi. Da Birtaniya ta soke bauta a 1833, ta ware fam miliyan 20 na diyya. Diyyar wa? Ta iyayen giji, saboda sun yi asarar "dukiya". Waɗanda aka bautar ko sisi ba su gani ba. Bashin da gwamnati ta ci don wannan biya yana cikin waɗanda ba a gama saukewa ba sai 2015.

Kada mu yi ta nuna wasu da yatsa. A Arewacin Najeriya sai 1936 doka ta kawo ƙarshen bauta baki ɗaya. Saudiyya 1962, Muritaniya 1981. A Nijar a 2003 aka mayar da ita laifin da ake ɗaure mutum a kansa, kuma a 2008 kotun ECOWAS ta yanke hukunci cewa ƙasar ta gaza kare Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana 'yar shekara 12. Kotun ta ce a biya ta sefa miliyan 10. Doka ta sauya, amma har gobe akwai gidajen da idan aka zo neman aure sai an tono wane ne kakan kakan yaro, kuma aure yakan watse a kan haka. Wannan abu ya kamata ya dame mu fiye da yadda yake damunmu.

Mutum a gidan namun daji. A 1906 aka ajiye wani ɗan Kwango, Ota Benga, a sashen birai na gidan namun daji na Bronx a birnin New York, jama'a na tururuwar kallo. Limaman coci baƙaƙen fata ne suka tayar da ƙura aka fitar da shi. Hukumar gidan ba ta nemi gafara ba sai 2020, bayan shekara 114.

Mata da ƙuri'a. New Zealand ta ba mata 'yancin zaɓe tun 1893. Suwizalan, da ake kai wa ajiyar kuɗi ana yaba wayewarta, sai 1971, kuma yankinta ɗaya, Appenzell Innerrhoden, ya turje har sai da kotun tarayya ta tilasta masa a 1990. Matan Arewacin Najeriya a 1979 suka fara zaɓen shugaba da 'yan majalisa na ƙasa, alhali takwarorinsu na Kudu sun yi tun kafin 'yancin kai. Hajiya Gambo Sawaba ta jam'iyyar NEPU ta sha duka da ɗauri a kan wannan magana. Ka duba layin mata ranar zaɓe a Kano ko Zariya yau, ka tuna da ita. Allah Ya ji ƙanta.

Ba ƙuri'a kaɗai ba. A Paris akwai dokar 1800 da ta ce mace ba ta sa wando sai da izinin 'yan sanda. A 2013 aka bayyana cewa ta mutu. Matan Saudiyya a Yunin 2018 suka fara tuƙa mota. Aure ma bai tsira ba: lokacin da aka haifi Barack Obama a 1961, aure irin na iyayensa, tsakanin baƙar fata da farar fata, laifi ne a jihohin Amurka da dama, har sai da Kotun Ƙoli ta rushe dokokin a 1967.

Tsage. Da, fuska ita ce katin shaida. Da ka ga mutum ka san Bagobiri ne ko Bakabe, kuma a zamanin yaƙe-yaƙe askar wanzami takan sa dangi su gane nasu. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta hana yi wa yaro zane a jiki, amma tun kafin dokar iyaye da yawa sun riga sun bari.

Alkunya. Ba kowane sauyi nake yi wa murna ba. Kakata har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunan ɗanta na fari ba. "Yaron nan" take cewa, ko da furfura ta cika masa gemu. Mijinta kuwa "Malam" ne ko "shi". Na san akwai 'ya'yan fari da suka tashi da ƙishin uwa saboda wannan kara, shi ya sa ba na zargin matar yau da ke rungume ɗanta tana sa hotonsa a WhatsApp. Duk da haka akwai wata irin girmamawa a cikin wancan shirun da ban ga abin da ya maye gurbinta ba. Reshe ɗaya dai ya tsira: in aka yi wa kaka takwara, har yanzu ba a kiran sunan gatsau. Daga nan muka samu su Abba da Ummi da Baffa da suka cika kowane aji a makarantun Kano.